Calibre: Ta Iya Tsara Littattafai, Amma Zaɓen Na Karantawa Naka Ne

Wanda littattafansa na waya da kwamfuta ba su wuce talatin ko arba'in ba, ba ya buƙatar Calibre, folda ɗaya ta ishe shi. Da irinmu nake, mu da muka shekara da shekaru muna sauke duk abin da aka turo a zaurukan WhatsApp da Telegram, muna kwasar na kyauta a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai, muna saye in an yi rangwame, har abin ya kai dubbai. A irin wannan tari za ka tarar da fayil mai suna DOC-20210314-WA0007.pdf, kusa da shi wani mai suna book(3).epub, sai ka buɗe kafin ka san ko na tarihi ne ko na lissafi. Littafi ɗaya yana nan sau uku, a wurare uku, da sunaye uku. In wani ya tambaye ka ko kana da littafi kaza, ka san kana da shi, amma sake sauke shi daga intanet ya fi maka sauƙi a kan nemo shi.

Calibre manhaja ce ta kwamfuta mai tsara irin waɗannan littattafai, kyauta, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Kovid Goyal ne ya fara rubuta ta a 2006, lokacin yana ɗalibin jami'ar Caltech a Amurka, saboda na'urar karatun Sony PRS-500 ba ta aiki da Linux. Sunanta na farko libprs500, a 2008 aka mayar da ita Calibre. Har yanzu shi ke jagorantar aikin, kuma sabon zubi yana fitowa a kai a kai. Ba talla a ciki, ba rajista, ba a tambayarka adireshin imel. Akwai dai wani maɓalli mai hoton zuciya a sama, ga wanda ya ga damar taimakawa.

Abu na farko da ke tayar wa sabon shiga hankali shi ne Calibre ba ta barin littafi inda ta same shi. Da ka ba ta fayil, sai ta kwafe shi zuwa tata foldar, ta buɗe wa marubucin folda, a cikinta ta buɗe wa littafin tasa, da wata lamba a ƙarshen sunan. A nan take ajiye littafin, da hoton bangonsa, da wani ƙaramin fayil mai suna metadata.opf mai ɗauke da bayanansa. A bakin babbar foldar kuma akwai metadata.db, rumbun da ya san komai game da kowane littafi. Ba ka da ikon cewa a jera maka foldodin yadda ka saba, kuma in ka shiga da hannunka ka canza suna ko ka matsar da wani abu, manhajar za ta nemi littafin ta rasa.

Mutane da yawa a nan suke juyawa. Wanda ya ɓata shekaru yana gina folda cikin folda, "Addini" a ciki "Fiƙihu", "Tarihi" a ciki "Afirka", zai ji kamar an ƙwace masa mulki. Ni ina ganin tsarin Calibre ya fi. Folda wuri ɗaya take ba littafi, alhali littafin tarihin likitanci na tarihi ne kuma na kimiyya ne, in ka sa shi a ɗaya ya ɓace wa ɗaya. A Calibre littafi ɗaya zai iya ɗaukar laƙabi biyar, wato kalmomin da ke nuna fanninsa, ya fito a duk inda ka neme shi, kwafinsa kuwa guda ne. Sharaɗin kawai shi ne ka ɗauki wannan folda a matsayin wurin da ba naka ba. In kana son fitar da littafi ka ba wani, akwai maɓallin ajiyewa a faifai, shi zai fito maka da shi da irin sunan da ka tsara.

Gargaɗi biyu a nan, kuma daga littafin jagorar manhajar suke. Kada a ɗora laburaren, wato waccan folda ta Calibre, a kan faifan da ake shiga ta hanyar sadarwa tsakanin kwamfutoci, kuma kada a sa shi cikin Google Drive, jagorar ta ambace shi da suna ta ce ana asarar bayanai. Abin da ya dace shi ne laburare ya zauna a kwamfutar, a riƙa rufe manhajar a kwafi foldar gaba ɗayanta zuwa faifan waje. Ko da rumbun nan metadata.db ya lalace, akwai hanyar sake gina shi daga ƙananan fayilolin opf da ke foldar kowane littafi. Wannan dabara tana cikin abubuwan da suka sa na amince da manhajar: littattafan suna nan a matsayin fayiloli na gama-gari, ko gobe aka daina Calibre ba abin da ya kulle su.

Aikin gaske a wajen gyaran bayanai yake, kuma kada kowa ya ce muku na yini ɗaya ne. Littafin EPUB, wato sigar fayil da aka yi musamman don littattafan waya da kwamfuta, da ya fito daga madaba'a ta kirki yakan zo da sunansa da na marubucinsa da bangonsa, Calibre ta karanta ta cike gurabe da kanta. PDF kuwa sai abin da Allah Ya yi. Za ka ga littafi ya shigo da suna "Microsoft Word - Document1", marubuci kuma sunan mai kwamfutar da aka buga shi a kai, ko a rubuta ba a san shi ba. Akwai maɓallin da ke leƙa intanet, irin su Google Books da Amazon, ya kawo suna da shekara da madaba'a da taƙaitaccen bayani da bango. In littafin yana da lambar ISBN kuma babbar madaba'a ce ta fitar da shi, nan take ake samu. In na ƙaramar madaba'a ne, ko kundin digiri, ko lacca da wani malami ya tattara, ko tsohon littafin da aka ɗauki hoton shafukansa, to sai dai ka zauna ka rubuta da hannu. Wani lokaci ma ya kawo maka bayanin wani littafin daban mai kama da suna. Saboda haka in ka zaɓi ɗari ka ce a sauke musu bayani a tare, karɓi tayin da take yi na duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a maye gurbin na da.

Sai sunayen marubuta. Calibre tana jera su da sunan ƙarshe, yadda laburaren Turai ke yi: ta ɗauki kalmar ƙarshe ta kai gaba. Ga sunan Bature wannan daidai ne. Ga malamin da sunansa ke ɗauke da "ibn" da "al-", ko marubucin da sunansa na ƙarshe sunan mahaifinsa ne ko na garinsu, sai jerin ya fito a birkice, ka neme shi a inda kowa ya san shi ka rasa. Ana iya gyara wa kowane marubuci yadda za a jera shi, ana kuma iya canza dokar baki ɗaya a ce a bar suna yadda yake. Ni na biyun na zaɓa. Haka kuma marubuci guda yakan shigo da rubutu iri uku, wani Muhammad, wani Mohammed, wani harafin farko kawai da ɗigo. A jerin da ke gefen hagu, in ka canza sunan ɗaya zuwa na ɗayan, sai ta haɗe su, duk littattafan su koma ƙarƙashin mutum ɗaya. Daɗin wannan sai wanda ya gani.

Maimaitattun littattafai ba su da wuya. Akwai 'yan ƙananan manhajoji da masu sa kai suka rubuta, ana maƙala su daga cikin Calibre ɗin, ɗaya daga ciki Find Duplicates. Tana iya kwatanta sunaye masu kama, tana kuma iya kwatanta fayilolin kansu ta gano waɗanda suke abu ɗaya ko da sunansu ya bambanta. In kana da littafi ɗaya a EPUB da PDF, ba sai ka goge ɗaya ba, haɗe su za ka yi su zama layi ɗaya mai siga biyu.

Game da laƙabi, shawarata ita ce a hana manhajar kawo na intanet. In aka bar ta, kowane littafi zai shigo da laƙabi shida ko bakwai na masu sayarwa, "General", "Fiction", "Literary", kafin ka ankara gefen hagu ya cika da ɗaruruwan kalmomi, yawancinsu littafi ɗaya ne a ƙarƙashinsu. Nawa ba su kai talatin ba, da Hausa na rubuta su, kuma kowanne sai da na tambayi kaina ko zan taɓa latsa shi. Ana iya yi musu rassa da ɗigo, kamar Tarihi.Afirka da Tarihi.Musulunci, in an kunna wannan a saituna, sai su naɗe ƙarƙashin uwa ɗaya.

Juya littafi daga siga zuwa siga shi ne abin da aka fi sanin Calibre da shi, kuma tsakanin EPUB da AZW3 da MOBI da DOCX tana yi lafiya lau. PDF ne matsala, jagorar ma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye. PDF bai san sakin layi ba, matsayin kowane harafi a shafi kawai ya sani, shi ya sa in an juya shi layuka ke kakkaryewa, lambar shafi da kan shafi su faɗo tsakiyar jimla, mai ginshiƙi biyu kuwa ya cakuɗe. Wanda hoton shafuka ne ma ba a magana, Calibre ba ta karanta rubutu daga hoto. Irin waɗannan a bar su a PDF ɗinsu. Littafin da kamfani ya kulle da DRM, wato makullin hana kwafi, kuma za ta karɓa ta ajiye, amma ba ta buɗewa, ba ta juyawa.

Inda take da rauni na zahiri shi ne waya. Yawancinmu a waya muke karatu, Calibre kuwa ba ta da tata manhajar ta Android ko iPhone. Abin da take da shi wata saba ce (server), wato ƙofar da wasu na'urori ke shiga laburaren ta ita, da ake kunnawa a kwamfutar, in waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya sai ka rubuta adireshin kwamfutar a burauza da lamba 8080 a ƙarshe, laburarenka ya bayyana, ka sauke ko ka karanta a nan. Manhajojin karatu irin su KOReader da Moon+ Reader ma suna iya shiga ta wannan ƙofa. Yana aiki, amma dole kwamfutar ta kasance a kunne, kuma in ka sauke littafi ka karanta a wata manhaja, kada ka sa ran laburaren zai san shafin da ka tsaya ko cewa ka gama. Kai za ka dawo ka gaya masa. Masu na'urorin karatu na Kindle da Kobo sun fi samun sauƙi, ana jona kebul ta gane na'urar, ta nuna waɗanda ke ciki da waɗanda babu, in sigar ba ta dace ba ta juya kafin ta tura.

Duk wannan tsari ne. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta bayan an gama: to, wanne zan karanta?

A da, Calibre ba ta ba da shawara ko kaɗan. Ba ta cewa tunda ka so wancan za ka so wannan. Da farko na ɗauki hakan a matsayin giɓi, yanzu kuwa ban tabbata ina son a cike shi ba. Shafuka irin su Goodreads, wanda Amazon ta saya a 2013, suna ba da shawara, amma shawararsu kullum a kan littafin da ba ka da shi take. Mai dubbai a ajiye ba sabon littafi yake nema ba, dalilin buɗe ɗaya daga cikin na hannunsa yake nema. Akwai kuma wani haɗari da manhajar kanta ke jawowa: gyaran laburare yana da daɗi, kuma yana kama da karatu. Mutum zai kwashe dare yana canza bango, yana daidaita lambobin littattafai masu juzu'i, ya tashi yana jin ya yi hulɗa da ilimi alhali bai karanta shafi ko ɗaya ba. Taron tsintsiya ke nan ba shara.

Abin da ya taimake ni shi ne damar ƙirƙirar gurabe na kaina. Bayan suna da marubuci da shekara, kana iya ƙara duk gurbin da kake so. Na ƙara uku. Na farko matsayi: ban fara ba, ina ciki, na gama, na ajiye. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don littafin da ka fara bai karɓe ka ba, in ba ka ba shi suna ba zai yi ta zama a jerin "ina ciki" yana hararar ka, ya hana ka fara wani. Na biyu yawan shafuka, wanda ƙaramar manhajar da ake maƙalawa mai suna Count Pages ke ƙiyastawa ta cike da kanta. Littafin takarda kaurinsa kake fara gani, na waya kuwa duk girmansu ɗaya a ido, mai shafi 90 da mai 900. Sanin tsawo kaɗai yana raba gardama da yawa, domin makon da aiki ya yi yawa ba makon ɗaukar mai juzu'i uku ba ne.

Na uku shi ne wanda nake ganin ya fi duka, na sa masa suna "dalili". Duk littafin da zai shiga, sai na rubuta layi ɗaya kan abin da ya sa na ɗauko shi: wani marubuci ya yi ta ambatonsa a wani babi, ko an yi musu a kansa a zaure ina son in gani da idona, ko yana amsa wata tambaya da nake da ita kan yadda kuɗin takarda ya samo asali. Bayan shekara biyu sunan littafi ba ya tuna maka komai, amma wannan layin yana dawo da sha'awar da ta sa ka sauke shi, ko ya nuna maka sha'awar ta mutu. Kuma yana aiki tun daga bakin ƙofa: littafin da na kasa rubuta masa dalili, galibi kwaɗayi ne kawai, ba ya shiga.

Daga nan sai abin da ake kira Virtual library a manhajar, wato ka ware wani yanki na laburaren ya bayyana shi kaɗai kamar sauran babu su. Ba a kwafar komai, ɓoye sauran kawai ake yi, kuma ana iya jera waɗannan yankuna a sama kamar shafukan burauza. Ina da guda mai suna "na gaba", ba na barin ya wuce goma, kuma na saita manhajar ta riƙa buɗewa a kansa. Dubbai ba sa zaɓuwa, ido yana bi ta kansu ne kawai har ya gaji, a rufe a koma kallon bidiyo. Goma kuwa suna zaɓuwa. Nakan cakuɗa su da gangan, labari biyu ko uku, na tarihi, na addini, wani gajere da za a iya gamawa a zama biyu, da wani mai nauyi guda ɗaya da na daɗe ina kauce masa. Sabo ba ya shiga sai wani ya fita. Akwai wata ƙaramar manhajar mai suna Reading List ga mai son jeri mai lamba ɗaya, biyu, uku, amma ni jeri mai tsauri yana mayar mini da karatu kamar aikin makaranta.

Akwai kuma wani ɗan maɓalli da ba kowa ya lura da shi ba, yana ƙarƙashin alamar laburare, aikinsa ya zaɓo littafi da ka, kamar ƙuri'a, daga cikin waɗanda ke gabanka. Ba na bin abin da ya zaɓa kullum. Amfaninsa a wurina shi ne abin da nake ji in ya tsaya a kan littafi. In na ji "kai, ba wannan ba, da ma wancan ne", to na san wanda nake so, da ma can na sani, jan ƙafa nake yi. In kuma ya faɗa kan wani da na manta ina da shi, na karanta dalilinsa na ji ba komai, sai in goge shi. Gogewa tana da wuya ga mai tari, amma littafin da ke Project Gutenberg tun tuni ba inda za shi, in buƙata ta taso ana sake saukewa.

Hanya ta ƙarshe ta zo ne da zubi na 6 a 2022, wato bincike cikin rubutun littattafan kansu, ba sunayensu kaɗai ba. Sai an kunna shi, kuma a babban laburare yakan ɗauki lokaci yana bin littattafan ɗaya bayan ɗaya kafin ya shirya. Amma da ya gama, sai ka rubuta kalma, misali sunan wani gari ko wata cuta ko wani sarki, ya fito maka da duk littattafanka da suka ambace ta, da guntun jimlar. Wannan ya canza mini yadda nake zaɓen littattafan ilimi. Maimakon in tsaya gaban jeri ina tunanin wanne, sai in fara da tambayar da ke kaina a ranar, in ga wa ya yi magana a kanta. Sau da yawa amsar tana babi na bakwai na wani littafin da sunansa bai nuna alamar hakan ba, daga babin kuma sai in koma farko. Littattafan da hoton shafuka ne ba sa shiga wannan bincike, tunda babu rubutun da za a karanta.

Fuskar manhajar ba ta da kyau, wannan ba sai an ɓoye ba. Maɓallai manya-manya a jere, saituna kashi-kashi, kowanne da nasa rassan, sabon shiga zai ji kamar an tsara ta ne don wanda ya riga ya iya. Ana iya cire maɓallan da ba a so, kuma rabin abin da ke ciki, kamar editan gyaran EPUB da mai tattaro labaran jaridu ya mayar da su littafi, mai karatu na yau da kullum zai iya shekara bai taɓa su ba.

Ga mai son gwadawa, kada ya juye dubban fayilolinsa a rana ɗaya, don ruɗanin da ke folda ne zai dawo cikin manhaja, ya ƙara da bangaye marasa hoto. Ya fara da ɗari ko ɗari biyu da ya san yana so, ya gyara sunayensu, ya ƙirƙiri gurbin matsayi da na dalili tun kafin su yi yawa, ya ware gomansa. Sauran su jira a tsohuwar foldar, a riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan, kuma kada ya goge wannan foldar sai ya kwafi sabon laburaren zuwa faifan waje ya buɗe kwafin ya ga yana aiki.